Gidan hutu a ƙauye: kayan adonsa na nan cikin kasuwarmu

A ƙasashen Turai da Amurka akwai gidajen hutu da ake ƙerawa a masana'anta gunduwa-gunduwa, a ɗora bisa babbar mota, a kai bakin tabki ko gindin dutse, a harhaɗa su cikin ƴan kwanaki. Abin mamaki, bayan an kafa gidan sai mai shi ya zuba kuɗi masu yawa don cikinsa ya yi kama da bukkar katako ta mutanen da. To, jama'a, irin wannan adon da suke nema da tsada, mu a Dakwaro ga shi nan zube cikin kasuwanninmu.

Gidan da ake kwancewa a sake kafawa ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya ƙetare kwarin Tarka ya nufi Bermo da Gadabeji ya ga bukkar Abzinawa, wadda ake lanƙwasa itatuwa a lulluɓe da tabarmi. Mata ne ke kafa ta, kuma ta uwargida ce; ranar tashi a naɗe ta a aza wa jaki ko raƙumi. Haka matan Fulani Woɗaaɓe ke jera ƙorai masu zane bisa ɗan gado, jeren da ke nuna darajar mai ɗaki. Har gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, ya keɓe wuri don nuna irin waɗannan gidaje na gargajiya.

Kamar yadda muka sani, ƴan kasuwarmu da Allah ya buɗa wa a Maraɗi, Yamai ko Kano sukan koma gida su gina ɗaki ɗaya ko biyu a Kornaka, Sakabal ko Birnin Lalle, inda za su sauka da damina, ko lokacin Salla da biki. Sai dai sau da yawa ginin siminti ne da rufin kwano, a shimfiɗa leda, a jera kujerun roba da furannin roba. Idan watan Afrilu da Mayu suka kama, zafi ya haura maki 40, ɗakin ya koma tanda, sai ka tarar da maigida ya ja tabarma ya koma gindin itace.

Gyaran ba ya buƙatar dukiya. A fara daga sama: a yi wa kwano rufin ciki da tabarmin kaba, a bar ɗan fili tsakani, domin shi ke tare zafin. Wanda bai fara gini ba tukuna, ya tuna da gini ba itace, mai tulluwar tubalin ƙasa, da aka fara koya wa maginanmu tun shekarun 1980. Ba ya cin azara, ga kuma sanyi. Bango a shafe shi da farar ƙasa, a ja masa jar ƙasa daga ƙasa zuwa gwiwa don kada dauɗa ta nuna. A ƙofa da taga a rataya asabari, iska ta shiga, idon mai wucewa ya tsaya waje. A ƙasa tabarma mai launi da matasan fata biyu ko uku, bisa gado gwado ko sakala. A bango guda ɗaya tak a jera faya-fayai da ƙorai. Idan aka cika kowane bango, ɗaki ya zama rumfar kasuwa. A kusurwa a girka randa bisa rairayi mai laima. Daga waje kuwa, rumfar zana ita ce falon baƙi.

Amma fa gidan da ke yin watanni a kulle yana da abokan gaba. Na farko gara: kada a bar tabarma ko kayan fata a ƙasa, a naɗe a rataye, a sa busasshen ganyen dogon yaro cikin akwatin tufafi. Na biyu wuta: murhu da fitilar kananzir su yi nesa da zana, fitila mai aiki da hasken rana ta fi kwanciyar hankali. Na uku ruwa: a duba indararo da yaɓe kafin saukar damina.

Yanzu sai mu juyo gare ku, iyayenmu mata masu saƙa da masu saye da sayarwa. Mai neman kayan ado ba ɗaya yake da mai neman tabarmar shanya ba. Yana duba ko bakin tabarma ya ɗinku, ko rini ba ya zuba, ko faya-fayai uku sun zo launi ɗaya. Ku riƙa tambayar awon ɗaki, ku haɗa kaya saiti-saiti, ku ɗauki hoto da salula ku aika wa ƴan'uwa na birni. Baje kolin SAFEM na sana'o'in hannu na mata, da aka soma a Yamai a shekarar 2000, ya nuna cewa aikin da aka kyautata ba ya rasa mai saye.

Sai dai jarin wannan sana'a a daji yake. Gulbin Kaba daga kaba ya samo sunansa, kuma kabar da ake yanke wa sabon toho kowace shekara ba ta zama goruba. Manoman jihar Maraɗi sun nuna wa duniya, da sassaben zamani da aka faro a 1983, cewa kututturen da aka bari ya tofo yakan koma itace. Mu yi wa kaba haka, mu yanki wata mu bar wata.

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Alhaji, Hajiya, in za a ƙawata ɗakin ƙauye, a fara zagaya rumfunan masu tabarmi da masu ƙorai kafin a aika saƙo birni. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, amin.