ƘASARMU TOGO: MUN SAN HANYA, AMMA MUN SAN GIDAN?

Kwanan baya, a darasin labarin ƙasa, mun sa yaran ajin ƙarshe na firamare a nan Sokode kowa ya zana taswirar Togo, ya sa garuruwan da ya sani. Abin da muka gani ya ba mu dariya, daga baya kuma ya ba mu tunani. 'Ya'yan zango babu tashar motar da ta ɓace masu. Blitta, Bafilo, Kara, Mango, Dapaong har Cinkasse, duk sun jera su daidai, domin kullum iyayensu da yayyensu suna bisa wannan hanya. Amma da muka tambaye su mutum nawa ne a ƙasar, kuma wa ke riƙe da ragamar mulki bisa sabon tsari, sai aji ya yi tsit. Muka kai tambayar dandalin da dattawan unguwa ke zama bayan la'asar, can ma ba ta sake zani ba. To, tun da rashin sani ya fi dare duhu, shi ya sa muka ga ya kamata a wannan wata mu ɗan zagaya gidan namu tare.

SIFFAR ƘASAR

Togo doguwa ce siririya, kamar sandar makiyayi da aka kafa a bakin teku. Gindinta, wato gaɓar teku, kilomita 56 ne kacal, tsawonta kuwa daga kudu zuwa arewa kimanin kilomita 600. Faɗinta gaba ɗaya bai kai murabba'in kilomita dubu 57 ba, wato Jihar Borno kaɗai a Nijeriya ta fi ta girma. Gana na yamma da mu, Benin na gabas, Burkina Faso na arewa. Amma fa ƙaramin goro ya fi babban dutse. Tashar jiragen ruwa ta Lome tana da zurfin da manyan jirage ke iya shiga, kuma da yawa daga kayan Burkina Faso da Nijar da Mali nan ake sauke su. Manyan motocin da ke hana mu barci a Sokode, su ne ke ɗauke da kayan nan zuwa arewa.

Wannan tsawo shi ya sa ƙasa ɗaya take da yanayi iri-iri. A kudu damina biyu ake yi a shekara. Can ne ake noman koko da kofi a tsaunukan Kpalime, inda Dutsen Agou yake, wanda ya fi kowane dutse tsawo a ƙasar, mita 986. Can ne kuma ake haƙar fosfat, ma'adinin da ake yin takin zamani da shi. Mu a Sokode, kimanin kilomita 340 daga Lome, damina ɗaya gare mu, amma mai tsawo, doya da masara suna yi. Idan ka wuce Kara, ka ƙetare kogin Oti a Mango, sai ka ga itatuwa sun fara tazara. Duk wanda aiki ya taɓa kai shi Dapaong, kamar yadda ya kai mu muna sababbin fitowa daga kwalejin horon malamai, ya san hunturu mai fasa leɓe da bazara mai ƙafar da rijiya. Ƙasar gero ce da dawa da gyaɗa da auduga da dabbobi, kai ka ce a karkarar Katsina kake.

MUTUM NAWA NE?

Ƙidayar 2010 ta sami mutum miliyan 6 da kusan dubu 200. Ta 2022 kuwa ta sami miliyan 8 da dubu 95 da 'yan kai, mata sun ɗan ɗara maza. Wato cikin shekara 12 an ƙaru da mutum kusan miliyan 2, kuma yawancin jama'ar yara ne da matasa. Malamin makaranta ba sai an karanta masa wannan lissafi ba, yana ganin sa a kan benci, inda yara huɗu ke matse a mazaunin mutum biyu.

Sai dai jama'ar ba a shimfiɗe take daidai ba. Lome da kewayenta kaɗai sun haura miliyan 2, ma'ana cikin kowane mutum huɗu na ƙasar nan, ɗaya yana can. Yankin Savanes, mai hedkwata a Dapaong, ya ɗan wuce miliyan ɗaya, namu na Tsakiya kuwa bai cika dubu 800 ba. Manyan ofisoshi da masana'antu da tashar ruwa duk suna gindin sandar, shi ya sa samarinmu ke ta gangarawa kudu neman abin yi.

Ƙabilun Togo sun kai wajen 40. Ewe da Mina ne suka fi yawa a kudu, Kabiye a wajen Kara, Tem waɗanda muke kira Kotokoli a Sokode, Anufo a Mango, sai Moba da Gurma a Dapaong. Faransanci ne harshen gwamnati. Akwai Kirista, akwai Musulmi, akwai masu bin addinin gargajiya, kuma alhamdu lillahi kasuwa ɗaya muke ci.

Mu fa, ina muke a wannan lissafi? Kada kowa ya ce mana jiya muka zo. Tun kafin Bajamushe Nachtigal ya ƙulla yarjejeniya da sarautar Togoville a 1884, ayarin fatake daga ƙasar Hausa suna ratsa nan da jakuna, su kai kanwa da tufafi Gwanja, su komo da goro daga Salaga. Mango da unguwar Didawure ta Sokode suna cikin wuraren da suke yada zango. Wasu suka zauna, suka yi aure, suka haifi kakanninmu. Taswirar ce ta same mu a nan.

YADDA AKE MULKI

Bayan an ci Jamus a yaƙin 1914, Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Rabon Ingila ya bi Gana bayan ƙuri'ar 1956, shi ya sa gidaje da yawa ke da dangi a ƙetaren iyaka. Rabon Faransa ya sami 'yancin kai ran 27 ga Afrilu 1960 a ƙarƙashin Sylvanus Olympio, wanda aka kashe a juyin mulkin Janairu 1963. Gnassingbe Eyadema ya karɓi mulki a 1967, ya riƙe har rasuwarsa a Fabrairu 2005, ɗansa Faure ya gaje shi. Eyadema da Janar Yakubu Gowon ne suka yi fafutikar kafa ƙungiyar CEDEAO a 1975, wadda ta sauƙaƙa wa 'yan kasuwarmu zirga-zirga. A 2022 kuma Togo ta shiga ƙungiyar Kwamanwel.

A 2024 aka sauya tsarin mulki. Jama'a ba su ƙara zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Su zaɓi 'yan majalisar dokoki 113, sai jagoran jam'iyyar da ke da rinjaye ya zama Shugaban Majalisar Ministoci, kuma iko na hannunsa. Akwai kuma majalisar dattawa mai kujera 61. A zaɓen Afrilu 2024 jam'iyyar UNIR ta sami kujera 108. A watan Mayu 2025 aka rantsar da Faure Gnassingbe a sabon muƙamin, majalisun biyu kuma suka zaɓi Jean-Lucien Savi de Tove ya zama shugaban ƙasa, muƙamin girmamawa. Gwamnati ta ce gyaran zai ƙarfafa majalisa, 'yan adawa sun ce dabarar zarcewa ce. Mu a Sokode mun san zafin wannan gardama, don a nan aka rasa rayuka a zanga-zangar Agusta 2017.

Daga sama zuwa ƙasa, an kasa Togo yanki 5, gunduma 39, da ƙananan hukumomi 117. Sokode na gundumar Tchaoudjo, Dapaong na ta Tone. A 2019 aka yi zaɓen kansiloli, karo na farko tun 1987. Wannan mataki shi ya fi kusa da ƙofar gidanmu. Rumfar kasuwa, magudanar ruwa, shara, rajistar haihuwa, duk ofishin magajin gari ake zuwa.

'Yan'uwanmu na Dapaong kuma suna da ƙarin nauyi. Tun ƙarshen 2021 'yan bindiga ke kutsowa ta iyakar Burkina Faso, musamman wajen Kpendjal, har aka sa dokar ta-ɓaci a yankin Savanes a Yuni 2022. A lokacin tsaro kuwa, wanda ba shi da takarda shi ake fara tsayarwa a shinge.

INA MAFITA?

Nan ne muka nufa tun farko. Kowace shekara sai mun ga yaro mai ƙoƙari ya zo jarrabawar fita firamare, a nemi takardar haihuwa, babu. Uba ya yanka rago ranar suna, ya raba goro, amma bai taka zuwa ofishi ba. Alhali tun 2022 gwamnati ta mai da wannan takarda kyauta. Da ita ake neman ta zama ɗan ƙasa, da ita ake neman katin shaida, da ita ake neman aikin gwamnati. Haka nan idan masu ƙidaya suka zo muka rufe ƙofa, ko muka ɓoye yawan 'ya'ya wai don tsoron haraji ko kambun baka, kanmu muka cuta. Da wannan lissafi ake raba aji da asibiti da famfo, wanda ba a ƙidaya ba kuwa ba a sa masa hannu a akushi.

Saboda haka muna kira ga limamai da sarakunan zango da iyaye mata: a yi wa jariri rajista tun kafin mai jego ta gama wanka, a yanki katin zaɓe, a san sunan kansilan unguwa, a kuma tambaye shi aiki. Kakanninmu sun san hanya, shi ya kawo su nan. Ya rage namu mu san gidan. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kawo wa mutanen Savanes sauƙi, amin.