Yadda Nake Raba Kwamin Wankan Yara da Gansakuka

Duk wanda ya tashi a Kura ko Bunkure ya san yadda kanal ke jan yara idan zafin bazara ya tsananta. Ruwan da ke gangarowa daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ya ba mu shinkafa da tumatir, amma a gefensa ne katantanwar da ke yaɗa tsargiya take zama. Shi ya sa na gina wa 'ya'yana kwamin siminti a bayan gidana, su yi wanka a gaban idona.

Sai dai ruwan kanal yakan zo da laka da ragowar takin zamani. Rana na dukansa, kafin mako ya zagayo ya koma kore shar, domin taki abincin gansakuka ne. Nan ne mutane ke gaggawar antaya kulorin, alhali dauɗa ce za ta cinye ƙarfinsa.

Aikin bi da bi ne. Da farko ina kwashe ganye da shara, in goge bango da buroshi. Sannan in jiƙa alif a bokiti, in zagaya da shi, in bar ruwan ya kwana. Da safe laka ta kwanta a ƙasa, sai in zuƙe ta da tiyo a hankali.

Daga nan sai awo. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa ta sauya launi, ta nuna tsamin ruwa, wato pH. Ana so ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.8. Alif yakan sauko da shi, sai a ɗaga da ɗan bekin soda. Idan kuwa ya haura 8, kulorin ya yi sanyi. Sai awon ya daidaita nake zuba kulorin har ya kai miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita, da yamma kuwa, saboda rana tana kashe shi. Kada a taɓa haɗa shi da wani sinadari a bokiti ɗaya.

Sabon ruwan kanal kuma yakan yi kwana biyu kafin kowa ya shiga, domin ƙwayar tsargiya ba ta daɗewa idan ba ta sami jikin mutum ba.

'Yan'uwa, ruwa ya yi garau ba shi ne ya yi lafiya ba. Ku auna kafin yaro ya tsoma ƙafa, kuma da an gama wanka a rufe kwami, saboda sauro da masu rarrafe.