Jinin Dasashin Kawu da Sirrin Bagaruwa

Kawuna manomi ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sandamu, a masarautar Daura. Wata shekara, bayan an kai gero rumbu, ya fara ganin jini duk lokacin da ya kurkure baki wajen alwala. Dasashinsa ya kumbura, ya yi jawur. Inna ta jiƙa masa bagaruwa, yana kurkurawa safe da yamma. Kwana uku jini ya tsaya, bayan mako biyu ya dawo. A sake jiƙawa ya tsaya, a daina ya dawo. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wansa: gida ɗaya, tuwo ɗaya, rijiya ɗaya, amma bai taɓa tofar da jini ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza.

Da farko goro na zarga, sai na tuna wansa ya fi shi cin goro nesa ba kusa ba. Na koma kan ciwon suga, tunda yakan tsananta kumburin dasashi. Muka shiga Daura aka gwada jininsa, aka ce lafiya lau.

Sai na juya kan maganin kansa. Na sami wani dattijo majemi yana tsoma fatar akuya cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa.

"Baba, me wannan ruwa yake yi wa fata?"

"Ɗanɗana ka ji, ɗan nan."

Na ɗanɗana, bauri ya damƙe mini harshe.

"To, yadda ya kama bakinka, haka yake kama fata ya ƙulle ta."

Wannan baurin sinadarin tanin ne, wanda ya cika kwanson bagaruwa. Yana tsuke naman dasashi, jini ya ragu, kumburi ya ɗan sace. Ke nan Inna ba ta yi kuskure ba. Amma me ke dawo da jinin?

Amsar tana cikin wani gwaji da likitan haƙori Harald Löe ya wallafa a 1965 a ƙasar Denmak. Mutum 12 masu lafiyayyen dasashi suka daina goge haƙora gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowa ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kusan mako guda ya warware. Mai laifin ita ce daudar nan mai yauƙi da ke manne wa gindin haƙori, wadda ƙwayoyin cuta ke zaune cikinta. Kurkura ba ta ɓanɓare ta, sai an goge.

Washegari da asuba na zuba ido. Wansa ya karyo ɗanyen reshen darbejiya, ya tauna bakin ya yi laushi, ya bi haƙora ɗaya bayan ɗaya. Kawu kuwa kofin bagaruwa kawai ya ɗauka.

"Kawu, ina asuwakinka?"

"Ai tun ranar da na ga jini na ajiye shi. Wa ke fama ciwo?"

Nan gizo ke saƙar. Tsoron jini ya sa ya bar gogewa, barin gogewa ya tara dauda, dauda ta ƙara jini. Wata da watanni an bar jaki ana dukan taiki.

Saura abu ɗaya: tsohuwar daudar ta riga ta daskare ta zama kamar tsakuwa, asuwaki ba ya iya mata. Ma'aikacin haƙori a asibiti ya kankare ta, ya ce Kawu ya riƙa gogewa a hankali sau biyu a rana, ko da ya ga ɗan jini a kwanakin farko.

Kwana goma bayan haka, ina zaune kusa da shi yana alwalar Magariba. Ya kurkure, ya tofar, ya sunkuya ya duba ƙasa da kyau. Ruwa ne fari tas. Ya ɗago yana murmushi, ya ce mini, "Karyo mini sabon reshe kafin duhu ya yi."