Man da ke Tsiyaya a Ƙafar Gaban Babur

Shirin yau na masu babur ne, har da masu hawa baya, domin in gaba ya ci amana ba direba kaɗai ke shan ƙasa ba.

Wanda babur ɗinsa ke kusa, ya leƙa shokozoban gaba, sandunan nan biyu masu ƙyalli da ke riƙe da taya. In ka ga zoben mai ya kewaye ɗaya, ko ƙura ta manne ta yi baƙi ƙirin tana gangarowa, to oyil sil ya saki. Da hunturu ma abin ba ya ɓuya, ƙura ce ke tona masa asiri. In kana tantama, goge sandar tas da tsumma, ka matse birkin gaba, ka danna kan babur ƙasa sau biyar ko shida. Zoben ya dawo? Magana ta ƙare.

Kowace ƙafa bututu biyu ce, siriri yana shiga cikin mai kauri. A ciki akwai sifirin da mai. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, man kuma shi ke hana sifirin ɗin yin tsalle yadda ya ga dama. Tun 1935 kamfanin BMW na Jamus ya sa wannan tsari a babur ɗinsa R12, kuma shi ne dai a jikin Boxer da Jincheng da Haojue da ke karakaina a titunanmu. Abin da ke tsare man duka kuwa oyil sil ɗin ne, ɗan zoben roba da bai kai tafin hannu ba.

Sau da yawa za ka ji mai babur na cewa, "Ai ɗan kaɗan ne, Oga, bari dai a yi albashi." Man yana raguwa, kan babur yana nutsewa duk lokacin da aka taka birki, a rami kuma ka ji ƙwas, ƙarfe ya daki ƙarfe. Ƙafa ɗaya da mai, ɗaya babu, sai babur ya riƙa karkata a kwana. Mafi muni, man yana bin ƙafar ya sauka kan birki. Takalmin birkin da ya sha mai ba a wanke shi, canza shi ake yi.

Kafin a kwance komai, akwai dabara mai arha. Wani lokaci robar lafiyarta ƙalau, ƙwayar yashi ce ta maƙale a leɓenta. Sai a ɗaga robar ƙura ta sama, a yanko siririyar roba daga gorar ruwa, a zura ta a hankali tsakanin sandar da sil ɗin, a kewaya da ita, a zaro dattin. In an yi sa'a, shi ke nan.

In bai tsaya ba, sai gareji. Bakanike zai ɗaga gaban babur, ya cire taya, ya sassauta murfin sama tun ƙafar tana ɗaure a jikin babur, don in ta fito ba ta da wurin riƙo. A kula da sifirin, yana iya cillo murfin a fuska. Ya zubar da tsohon mai, wanda galibi ya koma ruwan toka yana wari, ya cire zoben ƙarfen da ke danne sil, ya kwance notin da ke can ƙasa, bututun biyu su rabu.

A nan ne ake gane bakanike na gaske. Mai gaggawa zai cusa sabon sil ya karɓi kuɗinsa, bayan sati biyu mai babur ya dawo yana faɗa, a ce kayan ne jabu. Jabun na nan a kasuwa, babu musu, amma sau tari laifin sandar ne. Ka bi ta da farce daga sama har ƙasa. Duk inda farcen ya tsaya, tsatsa ce ko tabon dutse, kuma shi zai yanke leɓen sabuwar robar kamar reza. In ɗan tudu ne, sanfefa mafi laushi tana sassabe shi. In rami ne mai zurfi, sai sabuwar sanda. Sannan a mirgina ta a kan gilashi ko shimfiɗaɗɗen tebur. Wadda ta lanƙwashe, saboda haɗari ko lodin buhuna, za ta riƙa ɗingishi.

Wajen sa sabon sil, gefen da ke da ɗan siririn sifirin shi ke kallon mai, gefen rubutu ya kalli sama. A shafa masa mai, a rufa wa bakin sandar leda don kada kaifinsa ya yanke shi. A buga shi da guntun bututun roba da ya yi daidai da faɗinsa. Sukudireba da guduma kam, don Allah a ajiye su. A tura har sai zoben ƙarfen ya zauna daram a gurbinsa.

Saura mai. Da yawa baƙin man inji suke ɗurawa don shi ne a kusa, alhali akwai na shokozoba musamman, wanda ba ya saurin kumfa, irin mai lamba 10W da ƙananan babura da dama ke sha. Adadinsa yana cikin littafin babur, kuma da sirinji ko kofin awo ake zuba shi, daidai wa daida a ƙafa biyun. In ya yi yawa, matsin da ke ciki zai sake fasa sil ɗin. Don man ya zo daidai ne ake gyara ƙafafun tare ko da ɗaya ce ke yoyo.

Mai bin hanyar ƙauye kuma ya nemi robar nan mai lanƙwasa da ke lulluɓe sandar, ya riƙa ɗaga ta lokaci zuwa lokaci yana dubawa, don in ta tsage ruwa da yashi take tarawa a ciki.