Rage Ƙiba A Lokacin Damuwa

A cikin ƙungiyoyinmu akwai 'yan'uwa, maza da mata, waɗanda likita ya ce su rage ƙiba saboda hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon gwiwa. Da ma mun saba ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata. Amma yanzu babur ya maye gurbin ƙafa, inji ya karɓi aikin turmi da dutsen niƙa, ga lemon kwalba a kowane shago.

Mun lura mutum yakan fara da ƙwazo, ya yi wata biyu ko uku yana kiyaye cimarsa. Sai wata damuwa ta faɗo. Ruwa ya ɗauke masara tana goyo, ko lokacin biyan bashin taki ya zo, ko aka yi rasuwa a gida. Kafin a ankara ya koma gidan jiya.

Kada mu yi saurin cewa ragwanci ne, gama akwai dalili a cikin jiki. A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta mai fitar da wani sinadari da likitoci ke kira kotisol. Sa'ad da damuwa ta daɗe, sinadarin nan yakan yi yawa a jini. Yana sa mutum kwaɗayin abu mai zaƙi da mai maiƙo, yana kuma sa kitse ya taru a ciki. Ga kuma rashin barci. Wanda ya kwana yana lissafin bashi yakan tashi da yunwar da ta fi ta kullum. Shi ya sa mai damuwa yakan tsaya wurin mai fanke ko da bai yi niyya ba.

To, me za a yi? Shawararmu ita ce, lokacin wahala ba lokacin ƙara tsananta wa kai ba ne. A riƙe abin da aka samu tukuna. Wanda ya rage kilo 4, ya kuma wuce wata biyu na tashin hankali bai mai da su ba, lalle ya yi nasara. Ba sai an rame ba kafin a ga amfani. A Amurka an gwada mutane fiye da 3,000 waɗanda ke dab da kamuwa da ciwon sukari, aka fitar da sakamakon a 2002. An sa waɗansu su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 85, wajen kilo 6 ke nan kawai.

Abu na fari da za a tsare shi ne abin sha. Kwalbar lemo ɗaya tana da sukari wajen cokalin shayi 9. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada babba ya wuce wajen cokali 12 a yini, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Kunun zaƙi da shayin da aka cika wa sukari duk suna cikin lissafin. Burkutu ma haka, ba ya kuwa rage bashi ko da kwabo.

Sa'an nan kada a ƙi cin abinci da safe, domin wanda ya yini da yunwa yakan share malmala uku da dare. A rage tuwo, a ƙara miyar ganye: zogale, rama, yakuwa, alayyafo. Wake da dafaffen ƙwai suna riƙe ciki. Gyaɗa tana da kyau, amma cikin tafin hannu ɗaya ya isa, gama mai ne da ita. A zaman makoki da biki ba za mu ce a ƙi abincin mutane ba. A zuba kaɗan a kwano dabam, kada a zauna gaban babbar tasa ana hira ana kai loma.

Da damina aikin gona ya ishe mu motsa jiki. Da rani ne hatsarin yake, musamman ga shugabanni masu yawan zaman taro. In gona ko kasuwa ba ta da nisa, a ajiye babur. Tafiyar rabin awa, kwana 5 a mako, tana kuma sauƙaƙa zuciya, ta kawo barci.

Ba kowa ke da sikeli ba, amma kowa yana da igiya. A yanke ta daidai tsawon mutum, a ninka biyu, a zagaya ciki da ita wajen cibiya. In bakunan ba su haɗu ba, da sauran aiki. Mutum biyu a ƙungiya suna iya yin wannan awo tare sau ɗaya a wata, su kuma faɗa wa juna abin da ke damunsu.

Maganar nan ba ta shafi yara ba, ko mata masu ciki da masu goyo, ko gidan da rumbu ya ƙare. Mai shan maganin ciwon sukari kada ya rage abinci sai ya tambayi ma'aikacin lafiya. Wanda kuma yake ramewa ba da nufinsa ba, musamman in da tari ko yawan ƙishirwa da fitsari, ya tafi asibiti a duba shi.