Rediyon da Rabinsa Dalma Ne, Rabinsa Manhaja

Duk wanda ya taso a gidan da ake murɗa rediyo da asuba don kamo BBC a gajeren zango ya san yadda ake lallaɓa allura, a matsa kaɗan, a dawo kaɗan, har murya ta fito daga cikin shuuu. A wancan akwatin, ƙarafa da wayoyi ne ke zaɓo tasha, su tace hayaniya, su fitar da magana. To, akwai masu sha'awar rediyo da ke haɗa nasu da hannu a ɗakunansu, waɗanda suka kwashe mafi yawan wannan aiki suka ɗora wa kwamfuta. Abin da suke haɗawa shi ake kira SDR, wato rediyon da manhaja ke tafiyar da shi.

A farkon shekarun 1990 wani Ba'amurke, Joseph Mitola, ya yaɗa wannan tunani, amma a lokacin abin na sojoji ne da manyan kamfanoni. A 2002 Gerald Youngblood ya bayyana a mujallar QEX yadda mutum zai yi nasa a gida, sannan a 2005 Tony Parks ya fara sayar da ƙunshin kayan haɗi mai suna SoftRock, ɗan allon da bai cika tafin hannu ba. Dabarar da ke cikinsa ta Dan Tayloe ce. Wani ɗan makunni mai tsananin sauri yana ɗebo igiyar da eriya ta kamo sau huɗu a kowane zagaye, ya fitar da ita kashi biyu, ɗaya na bin ɗaya da tazarar rubu'in zagaye. Waɗannan biyun ake zurawa cikin kwamfuta ta kafar sauti, dama da hagu. Daga nan lissafi ne ya rage. Manhaja ce za ta ce wannan muryar mutum ce, wancan bugun Morse ne.

Kada mai karatu ya ɗauka hannu ya huta. A nan ma sana'ar take. Mai haɗi zai ɗauki ɗan zoben baƙin ƙarfe, ya riƙa zura siririyar wayar tagulla ta hudarsa yana ƙirgawa, kowane shiga ɗaya nadi ɗaya. In ya ƙara ɗaya ko ya rage, zangon ya kauce. Sai ya kankare fentin bakin wayar kafin ya ɗiga dalma, domin in ya yi ha'inci a nan, liƙin zai yi kyau a ido amma wuta ba za ta bi ba, ya kwana yana neman laifin a wani wuri. Wasu kayan kuwa ba su kai ƙwayar gero ba, da matsefata ake ɗaukarsu, mutum na riƙe da numfashi.

A 2012 ƙofa ta buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi. Antti Palosaari, ɗan ƙasar Finlan, da masanan ƙungiyar Osmocom suka nuna cewa ɗan abin kallon talabijin da ake soka wa kwamfuta, mai ɗauke da RTL2832U na kamfanin Realtek, zai iya miƙo ɗanyen abin da eriya ta ji. A lokacin kuɗinsa wajen dala 20 ne, kuma yawancinsu na kamawa daga kusan megahaz 24 zuwa sama da 1,700.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne a wannan rediyo ana ganin iska da ido. Allon kwamfuta na kwararo launuka daga sama zuwa ƙasa kamar ruwan indararo. Tashar FM ta fito da faɗi kamar tsiri a jikin saƙi, bugun Morse siririn zare mai yankewa, kuma mutum na kallon faɗin megahaz biyu a lokaci guda, ya taɓa inda yake so ya saurara. A nan ne kuma yake ganin abokan gabarsa, domin cajar waya mai arha da inbatar sola suna zana layuka a allon su danne muryar nesa. Shi ya sa gwanaye ke ɓata lokaci a kan eriya fiye da komai, su nisanta ta da gida, su ɗaga ta sama.

Yin magana a iska sai da lasisin hukuma da lambar kira. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Ghana 9G. Tun da aka harba tauraron ɗan'adam na Katar, Es'hail-2, a Nuwamban 2018, masu wannan sha'awa suka samu wata kafa a jikinsa mai suna QO-100, wadda ta lulluɓe Afirka baki ɗaya, daga gabashin Barazil har Tailan. Don a saurare ta, kwanon satilayit irin na saman rufinmu ya isa. LNB ɗinsa, wato na'urar da ke gaban kwanon, zai sauko da igiyar daga gigahaz 10 da ɗoriya zuwa wajen megahaz 739, inda ɗan abin nan na dala 20 ke ji sarai. Sai a juya kwanon a hankali ana kallon allo, har layin alamar tauraron ya bayyana, muryoyi kuma su fara tsirowa a gefensa.