Giyar Matan Barre da Bindigar Rico

A shekarar 1929 wani marubuci Ba'amurke mai suna W. R. Burnett ya fitar da littafin Little Caesar, labarin wani ɗan daba ɗan asalin Italiya, Rico Bandello, wanda ya hau gadon sarautar miyagu a Chicago da bakin bindiga. Bayan shekara biyu aka mai da shi fim, a 1932 kuma Scarface ya biyo baya. Tun daga nan, in aka ce zamanin haramta giya a Amurka, hoton da ke zuwa a rai ɗaya ne: Ba'italiye cikin kwat mai tsada, da malafa, da bindiga mai aman wuta. Ba wai babu irinsu ba. Al Capone mutum ne na gaske, an haife shi a Brooklyn a 1899, an kuma ɗaure shi a 1931 kan ƙin biyan haraji. Amma wanda ya je garuruwan masana'antu, inda dubban baƙin Italiya suka zauna, zai tarar mai sayar da giyar sau da yawa mace ce, a ɗakin girkinta.

Dokar haramta giyar ta fara aiki ranar 17 ga Janairun 1920, aka soke ta ranar 5 ga Disambar 1933. Ta hana yin barasa, da sayar da ita, da safararta, sai dai ba ta hana sha ba. Sannan ta bar wata ƙofa a buɗe: magidanci na iya matse 'ya'yan itace a gidansa don amfanin iyalinsa, har galan 200 a shekara. Ruwan inabi kuwa, in an bar shi a ganga, ba ya neman izinin kowa kafin ya zama giya. Don haka duk kaka jiragen ƙasa ke tasowa daga Kalifoniya shaƙe da inabi, su nufi unguwannin Italiyawa a gabashin ƙasar. Manoman inabin da suka zaci dokar za ta kassara su, sai ga farashi ya tashi.

Ɗauki garin Barre a jihar Vermont, can arewa maso gabas, ba nisa da iyakar Kanada. Arzikin garin dutse ne, giranit mai ruwan toka da ake yin alamun kaburbura da shi. Tun ƙarshen ƙarni na 19 gwanayen sassaƙa suka riƙa zuwa daga arewacin Italiya, daga Carrara da Viggiù da kewayensu. Ba jahilai ba ne. Sun gina zauren taron ma'aikata a 1900, kuma a garin ne Luigi Galleani ya fara buga jaridarsa ta masu ƙin kowace irin hukuma, Cronaca Sovversiva, a 1903.

Abin da bai zo musu a lissafi ba shi ne ƙura. Waɗanda suka taso daga Carrara marmara suka saba sassaƙawa, a sarari, iska na kaɗawa. A Vermont sanyi ya tilasta a yi aiki cikin rumfuna rufaffu, giranit kuma cike yake da silika, ga shi an kawo na'urorin sassaƙa masu aiki da matsattsiyar iska, masu niƙe dutse ya zama gari. Ƙwayar ƙurar ta yi ƙanƙanta har hanci ba ya tare ta. Takan wuce can cikin huhu ta zauna, jiki ya yi ta yaƙi da ita bai iya narkar da ita, wurin ya zama tabo, tabo kan tabo, har numfashi ya gagara. Huhun da ya yi rauni haka, tarin fuka ke ƙarasa shi. Da yawa daga cikinsu ba su ga shekara hamsin ba. Sai a ƙarshen shekarun 1930 aka sa injunan zuƙe ƙura a rumfunan.

To, mace ce ƙura ta kashe mijinta, an bar ta da 'ya'ya, Turancinta bai taka kara ya karya ba, babu fansho, danginta na bayan teku. Me take da shi? Gida, da hannun girki, da gangunan da maigida ya bari a ɗakin ƙasa. Sai ta ɗauki 'yan haya tana ba su ɗaki da abinci, ta riƙa sayar da kofin giya ko girafa, wato barasar da ake tatsa daga dusar inabi. Masu sayen abokan aikin marigayin ne, waɗanda suka san gobe matansu ne za su tsaya a wannan matsayi. Wani lokaci 'yan sanda su kai samame, a ci ta tara, ta biya, ta koma ta ci gaba. A wurin hukuma 'yar fasa-ƙwauri ce, suna ɗaya da Capone.

Akwai wadda ta rubuta wannan duniyar daga ciki. Mari Tomasi, 'yar baƙin Italiya da aka haifa a Montpelier, maƙwabciyar Barre, ta yi aiki da shirin gwamnatin tarayya na tattara labaran talakawa, ta zauna da masassaƙa da matansu tana sauraro. A 1949 ta fitar da Like Lesser Gods, wanda ta kafa a wani gari da ta kira Granitetown, kowa kuma ya san Barre take nufi. Tsakiyar labarin miji ne da mata, Pietro da Maria Dalli: shi yana son dutse, ita tana tsoronsa, har wani dare ta je a ɓoye ta lalata aikin da yake sassaƙawa ko zai yi zuciya ya bar sana'ar. Bai bari ba. A ganina, wannan dare guda na Maria ya fi duk harbe-harben Rico tayar da hankali. Amma yau in ka tambayi masu karatu goma, da wuya ɗaya ya taɓa jin sunan littafin.

Me ya sa bindiga ta yi kasuwa? Lokacin ya taimaka. A 1924 majalisar Amurka ta tsuke ƙofar shigowa ga mutanen kudanci da gabashin Turai, a 1927 hukuma ta zartar da hukuncin kisa kan wasu baƙin Italiya biyu, Sacco da Vanzetti, bayan shari'ar da har yau ake gardama a kanta. Jama'a sun riga sun shirya ganin Ba'italiye a matsayin abin tsoro, marubuta suka sayar musu abin da suka zo saye. Ba a damu da cewa George Remus, ɗaya daga cikin manyan dilolin barasa na zamanin, haifaffen Jamus ne kuma lauya ba. Mario Puzo ma ya ɗanɗana: a 1965 ya fitar da The Fortunate Pilgrim kan wata uwa Ba'italiya mai faɗi-tashin rainon 'ya'ya a New York, masu sharhi suka yaba, kuɗi bai shigo ba. Bashi ya yi masa katutu, ya zauna ya rubuta labarin 'yan daba, The Godfather, wanda ya fito a 1969.

A maƙabartar Hope da ke Barre akwai kabarin wani masassaƙi, Louis Brusa, wanda ya yi fafutukar a sa injunan zuƙe ƙura, ƙurar kuma ta kashe shi a 1937. A kan kabarin an sassaƙa mutum ya jingina a kujera, ƙarfinsa ya ƙare, mace na tsaye a gefensa tana riƙe da shi.